Tauraron da Ba a Gani da Dare

Duk sanda na ji ɗayanku yana cewa aikin dish ba wani abu ba ne, ka ɗora wayar hannu a bayan faranti ta nuna maka inda za ka juya, sai in yi murmushi. Gaskiya ne, yanzu kafin shayi ya huce kun manna ɗan ƙaramin faranti a jikin katanga kun hau babur. Amma tunda yau ba mu da fita, ku zauna in ba ku labarin shekarar da na kusa barin sana'ar nan, a kan abin da ba waya ba ce, ba dikoda ba, ba kuma laifin hannuna ba.

A hannun Malam Ado na koya, a wani ɗan shago a Gawuna. Asalinsa mai gyaran rediyo ne, da dish ya shigo gari sai ya koma can. Farantin wancan zamani sai mutum huɗu sun kama yake ɗaguwa. A haƙa rami, a tsayar da bututun ƙarfe, a zuba kankare, a bar shi kwana uku kafin a ɗora masa komai. Kayan aikinmu sifana biyu ne, da filaya, da kamfas irin na duba alƙibla, da zare mai dutse a ƙarshensa wanda muke gane miƙewar bututu da shi. Mitar sigina ko labarinta ba mu ji ba. Malam Ado yana waje yana juya faranti, ni ina falo a gaban talabijin, bakina a taga. Kalma biyu ya yarda in faɗa, akwai ko babu. Ranar da na ce masa kamar ya ɗan fara zuwa, sai da ya ajiye sifana ya zagayo ya same ni, ya ce shi bai san inda ake juya faranti a kan "kamar" ba. Ya kuma hana ni taɓa abu biyu a tare. In ka matsa gefe ka kuma ɗaga sama lokaci guda, ko hoto ya zo ba ka san wanne ya kawo shi ba.

Shekara bakwai na yi tare da shi, Allah ya yi masa rasuwa, shagon ya dawo hannuna. A daidai lokacin ne sababbin dikoda suka shigo. Tsofaffin, in sigina ya yi rauni, hoto yakan yi yayyafi amma kana ganin mutane. Sababbin kuwa ko tas ko babu. Gidajen Nasarawa kowa yana son canji, aiki ya yi mini yawa, har na samu wani otal mai hawa biyu na haɗa masa ɗakunansa duka da falon baƙi.

Aikin da ya fi zauna mini a rai a shekarar na gidan Hajiya Rabi ne. Likita ce, kuma ita ke riƙe da mahaifinta, wanda ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar shekara biyu. Hannun dama da ƙafar dama sun tafi, magana ma ta tafi, ba abin da ya rage a bakinsa sai "eh" da "a'a". Rubutu ya gagara. Yini yake a kujera mai taya a ɗakinsa yana kallon tashar da ke nuna Harami kai tsaye, ba ya son a canza. Dish ɗin gidan babba ne, fari, na kwano ba mai raga ba, a ƙasa yake a bayan gida kusa da wata tsohuwar bishiyar mangwaro. Na canza masa elembi, wato ɗan ƙoƙon nan da ke tsaye a kan sanduna uku yana kallon cibiyar faranti, na ja sabuwar waya, na daidaita shi har na gamsu. Ina shiga ɗakin in durƙusa in gaida tsohon, ya ɗaga mini hannun hagu, shi ke nan tsakaninmu.

Wata Lahadi a tsakiyar watan Maris direban Hajiya ya zo har gidana a Kawaji, ya ce hoto ya ɗauke da hantsi, Baba ya tayar da hankalinsa. Na je na tarar komai lafiya lau. Aka ce ai 'yan mintoci ya yi ya dawo da kansa. Na ɗaure notina, na goge bakin waya, na tafi.

Litinin aka sake aikowa. Sha ɗaya da kwata, in ji mai dafa abinci, yana ɗora tukunya ke nan. Ina cikin zare wayar da ni da kaina na ja ina sa wata, sai ga saƙo daga otal, su ma haka. Kafin la'asar gida huɗu sun aiko, duk masu kallon tashoshin Larabawa, duk aikina, duk lokaci ɗaya. Na tsaya a bakin titi riƙe da akwatin kayan aiki na rasa gidan da zan fara shiga. Waya takan lalace a gida guda. Dikoda yakan ƙone a gida guda. Amma gida biyar da otal su ɗauke tare su dawo tare, wannan ban taɓa ji ba, Malam Ado ma bai taɓa faɗa mini ba.

Manajan otal bai tsaya sauraron bayani ba, don ba ni da shi. Baƙinsa 'yan kasuwa ne da ke zama a falo da hantsi suna kallon labaran ƙasarsu. Ya ce ya san irinmu, mu dasa cuta a cikin aiki don a yi ta kiranmu. Ya sa masu gadi suka karɓe akwatina, ya ce ba zai fito ba sai hoto ya daina ɗaukewa. Kun san Nasarawa, masu gidajen ba sa shiga harkar juna, amma direbobi da masu gadi duk a inuwa ɗaya suke cin abinci. Kafin gari ya waye labari ya gama layuka cewa Tasi'u mai dish yana da wani abu da yake dannawa daga nesa.

Talata na ari sifana na koma gidan Hajiya tun da safe, na zauna a gindin dish ina jira. Wajen sha ɗaya iska ta ɗan taso, na ga rassan mangwaron suna kaɗawa ta gefen gabas, kusa da inda faranti ke kallo. Ana haka aka leƙo aka ce ya ɗauke. Na ce na kama ɓarawo. Ban tsaya na tambayi kaina ko otal ma mangwaro gare shi ba, mutumin da aka ƙwace wa kayan aiki duk abin da ya gani sai ya riƙe. Na faɗa wa Hajiya bishiyar ce. Ta ce mahaifinta ne ya dasa ta shekarar da suka tare a gidan, amma in dai ita ce ke raba shi da abu ɗaya da ya rage masa, a sare. Malam Isa mai kula da lambu, wani dattijo daga Jigawa, shi aka ba gatari. Bishiyar ta yi 'ya'ya jingim, ba su kai ga nuna ba. Har magariba yana sara.

Laraba sha ɗaya da kwata, sarari fayau, ba reshe ba ganye, hoto ya ɗauke. Ya ma fi na jiya daɗewa. Na tsaya tsakanin dish da kututture. Malam Isa yana tattara ɗanyen mangwaro a buhu. Bai ɗago ba ya ce da ni, da na tambayi mai gidan tun farko da bishiya tana tsaye. Na ce wane mai gida, wanda ba ya magana? Ya ce ai shekara talatin Alhaji ya yi yana injiniya a tashar sadarwa ta gwamnati, inda farantansu suka fi ɗakin nan girma, kuma tun Lahadi duk sanda hoto ya ɗauke yake nuna sama da hannu yana buga kujera. Su a gidan sun ɗauka cewa yake a hau a gyara, wasu kuma suka ce yana nufin lamarin Allah ne.

Na jira Hajiya ta dawo daga asibiti. Bayan sallar magariba na roƙe ta ta bar ni in yi wa Baba tambayoyi. Ta ce in gwada, amma in sani masu irin ciwon nan wani lokaci sukan ce eh suna nufin a'a. Ta fara gwada shi da kanta. Ta tambaye shi ko ita ce Rabi, ya ce eh. Ta ce yau Juma'a ce, ya ce a'a, yana mata kallon wanda aka raina.

Na zauna a ƙasa a gabansa. Tambayata ta farko ta banza ce, na ce ranka ya daɗe, waya ce ko dikoda? Ya rufe ido. Sai na tuna wanda ke gabana kalma biyu gare shi, kamar ni a taga a zamanin Malam Ado, kuma nauyi a kan mai tambaya yake. Na koma ɗaya bayan ɗaya.

Na ce laifin a cikin gidan nan yake? Ya ce a'a. Na ce bishiyar tana da hannu a ciki, ko kaɗan? Ya juya fuskarsa wajen taga, ya daɗe a haka, sannan ya ce a'a. Na ce daga can ƙasar da ke aiko da hoton ne? A'a. Na ce a sama abin yake? Ya ce eh da ƙarfi, ya bugi hannun kujera.

Daga nan na shiga lissafa duk abin da na sani yana sama. Jirgi, tunda filin jirgi ba nisa. Gajimare. Shirwa. Wani tauraron ɗan'adam da ke giftawa ta gaban namu. Duk a'a. Na ce shin ɗan'adam ne ma ya ƙera shi? A'a. Wata ne? A'a.

"Tauraro ne, Baba? Irin na Allah?"

Ya ɗan dakata kamar mai auna maganar. "Eh."

Na ce to Alhamdulillahi, an zo wurin. In muka fita tsakar gida yanzu za mu gan shi? A'a. Na ce Zara ce? A'a. Gamzaki da ke fitowa da asuba? A'a. Kaza da 'ya'yanta? A'a. Iyakar taurarin da kakata ta koya mini ke nan, sun ƙare. Na ce ko irin wanda ke fitowa da damina ya ɓuya da rani? A'a. Na ce ko sai da madubin hangen nesa? A'a. Na ce to akwai wani dare a shekara da ake ganinsa? A'a.

Na dubi Hajiya, ita ma ta dube ni. Tauraron da ba a gani da dare, kuma ba ya buƙatar madubi. A raina na ce ciwon ne ya fara juya masa amsa, kuma na sa an sare bishiya, ga shi yanzu ina wahalar da mara lafiya. Na yi niyyar miƙewa. Sai na ce bari in ƙara ɗaya.

"Baba, ni Tasi'u, na taɓa ganinsa da idona?"

"Eh." Gefen bakinsa mai lafiya ya ɗaga.

"Yau na gan shi?"

"Eh."

Hajiya ta zauna a bakin gado a hankali. Ta ce, "Baba, rana?"

Ya ce eh sau uku, yana buga kujera, hawaye na bin kuncinsa ɗaya.

Ni kuwa na ce Hajiya ai tauraro ya ce. Ta ce da ni rana ma tauraruwa ce kamar sauran, kusa da mu kawai take. Shekarata talatin da huɗu a lokacin, ina da 'ya'ya uku, kullum hannuna a kan faranti ina nuna sama, ban taɓa jin wannan magana ba. Abin da na kwana huɗu ina nema a cikin waya da bayan dikoda, shi ne ke dukan ƙeyata ina neman.

Na yi sauri na ƙarasa kafin ya gaji. Ta ƙona mini wani abu? A'a. Akwai gyaran da zan yi? A'a. Zai wuce da kansa? Eh. Gobe zai yi? Eh. Jibi? Eh. Gata? A'a. Na ce zai sake dawowa? Eh. Na shiga ƙirga watanni da yatsu yana cewa a'a, da na kai shida ya ce eh. Nan Hajiya ta ce ya isa haka, numfashinsa ya fara sama. Ban tambayi rana ba. Na ɗauka wata shida wata shida ne.

Alhamis muka turo kujerarsa har bayan gida, karo na farko cikin watanni da ya fito. Ya kalli kututturen sau ɗaya bai sake ba. Ya miƙa hannun hagu yana nuna mini cikin faranti. Na duba, sai na ga inuwar elembi, baƙa a kan farin kwano, tana tafiya a hankali daga gefe. Shekara nawa ina ganin inuwar nan ban taɓa kula ta ba. Tana isa cibiyar faranti mai dafa abinci ya leƙo ya ce ya ɗauke. Tana gotawa ya dawo. A nan na gane da kaina. Tauraron ɗan'adam da muke nuna wa faranti a wuri ɗaya yake tsaye, ita kuma rana hanyarta tana sauyawa kaɗan kaɗan, sai sau biyu a shekara ta bi ta bayansa daidai. Faranti yana sauraren raɗa daga nesa, sai ga mai ganga ya tsaya a bayan mai raɗar. A zamanin tsohon dikoda yayyafi kawai yake yi, Malam Ado ya ce iska ce, a wuce wurin.

Juma'a na je otal da ƙarfin gwiwata. Na ce wa manaja yau sha ɗaya da kwata zai ɗauke na ɗan lokaci, gobe kuma ba zai yi ba, ba tare da kowa ya taɓa komai ba. Muka tsaya a falo, idonsa a kan agogo. Lokaci na cika hoto ya daskare. Na juyo ina jiran ya ba ni haƙuri, sai na ga ya ja da baya taku biyu.

Ya ce, "Ashe da gaske kai ke kashewa."

Na ja shi har gindin dish na nuna masa inuwa. Ya ce inuwa ai ko'ina akwai ta. Ya sa aka miƙo mini akwatina, ya ce kada ƙafata ta sake taka ƙofarsa. Asabar kuwa, kamar yadda na faɗa, hoto bai ɗauke ba, wannan ma aka ce shaida ce, na ji tsoro na cire abin.

Haka aka shiga damina ba mai kirana a Nasarawa sai gidan Hajiya da wasu biyu. Na koma gyaran rediyo a ƙofar gida. Duk wanda ya tsaya saurarena sai in ce masa ya jira tsakiyar Satumba, zai ga abin ya dawo, a dish ɗin da na taɓa da wanda ban taɓa ba. A kan wannan magana na jingina sunana gaba ɗaya.

Tsakiyar Satumba ta zo. Rana ta farko babu abin da ya faru, ta biyu haka, ta uku haka. Wani direba ya tsayar da mota a gabana ya tambaye ni ko ranar tawa ta yi makara. Na hau babur na nufi gidan Hajiya da tambayoyina a shirye, ɗaya bayan ɗaya. Ina shan kwana na hangi tabarmi a ƙofar gida da motoci jere. Malam Isa ya tare ni, ya ce jiya da azahar aka kai Alhaji.

Bayan sadakar uku na nemi izinin Hajiya in riƙa zuwa bayan gida da hantsi. Ta ce in zo. Babu sauran wanda zan tambaya, sai farantin. Kullum in tsaya in jira inuwa ta zo wucewa, in sa alama a inda ta fi kusa da cibiya. Da gawayi na fara, ruwa ya wanke, na koma jan fenti da tsinke. Ranar farko tazarar ta kai faɗin tafin hannuna. Washegari ta ragu da kamar faɗin ɗan yatsa. Wata rana hadari ya rufe, na dawo ban ga komai ba. Amma ɗigon suna tafiya a layi, suna nufar tsakiya, har na iya ƙirgawa da yatsa na ce wa Malam Isa saura kwana biyu. Shi ya kai maganar can inda direbobi ke cin abinci.

Ranar da na faɗa, a ƙarshen watan, ina tsugune da tsinken fenti sai na ji takun mutum. Hajiya ce da kanta. Ta ce tun rasuwar ba ta bari an kashe talabijin ɗin ɗakinsa ba, yanzu ta ga masu ɗawafi sun tsaya cak, ƙafa a sama. Muka tsaya mu uku, ni da ita da Malam Isa, muna kallon inuwa a gefen cibiya. Daga baya na ji a ranar har otal ɗin ya ɗauke, da dish ɗin da wani ya kafa musu bayana. Aiki ya dawo mini a hankali, ko da yake manajan bai taɓa aikowa ba.

Da inuwar ta gota Hajiya ta ce, ba ni take kallo ba, "Shekara biyu ina shiga ɗakinsa safe da yamma. Ban taɓa tambayarsa komai ba sai ina ke ciwo, da ko ya ƙoshi."

Sannan ta ce in kwance dish ɗin in tafi da shi, babu mai kallo kuma. Mu huɗu muka ɗora shi a akori-kura. Shi ne wancan da ke jingine a bayan shago, wanda kuke shanya tsumma a kansa. Ku tashi ku ɗauke tsummokaran ku duba kusa da cibiya, za ku ga jan ɗigo shida a jere, da gurbin ranar da hadari ya rufe.